Yaron Tudu da Dabbar Teku: Yadda Za Mu Koya wa Yara Rayuwar Wel

 

An nemi in yi muku magana a wannan taro, ku malaman firamare da Islamiyya, a kan yadda za a koya wa yara rayuwar wel, wato ƙatuwar dabbar nan ta teku da akasari ake ce wa kifin wel. Na san tambayar da ke zukatan wasunku tun kafin in buɗe baki, kuma tambaya ce mai kyau: yaron da ke Gusau ko Maraɗi ko Azare, wanda ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne dam ɗin garinsu, me ya haɗa shi da dabbar da ke tsakiyar teku? Ga karatu bai zauna ba, ga lissafi yana ba shi wuya, ga aji ya cika har wasu na zaune a ƙasa. Ba ɓata lokaci ba ne?

A ganina ba ɓata lokaci ba ne, kuma ga hujjata. Ruwan da ke zubo mana da damina daga teku yake tasowa. Iskar da ke kaɗowa daga kudu maso yamma ita ke ɗauko danshi daga Tekun Atlantika ta kawo shi har gonakin gero na Katsina da Damagaram. Wani kaso na ruwan nan kuma tekun yake komawa: gulbin Rima da na Sakkwato da kogin Kaduna suna zuba a kogin Neja, Gongola yana zuba a Binuwai, su biyun su haɗu a Lokoja su gangara. Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita kusan 850. Kuma a daidai watannin da manomanmu ke noman farko da maimai, daga Yuli zuwa Oktoba, wel masu doro suna tasowa daga ruwan sanyi na kusa da Antatika, su yi tafiyar dubban kilomita, su zo su haihu a ruwan ɗumi na Tekun Gini, a gaban Gabon da Kamaru da Najeriya da Benin da Togo. Baƙinmu ne na kowace shekara, amma yawancin yaranmu ba su taɓa jin labarin zuwansu ba.

Sannan yaranmu ba a duhu suke gaba ɗaya ba. Babu yaron Islamiyya da bai san ƙissar Annabi Yunusa, alaihis salam, da abin da ya haɗiye shi a teku ba. Waɗanda suka yi nisa kaɗan sun ji labarin da Jabir ɗan Abdullahi ya bayar, wanda ke cikin Bukhari da Muslim, na rundunar mutum kusan 300 da Abu Ubaida ɗan Jarrah ya jagoranta zuwa bakin teku. Guzuri ya ƙare musu har suka koma cin ganye, sai teku ya jefo musu wata ƙatuwar dabba da ake kira ambar, suka yi kusan rabin wata suna ci daga namanta. Abu Ubaida ya sa aka kafa ƙasusuwan haƙarƙarinta, mahayin raƙumi ya bi ta ƙarƙashi ya wuce. Malamin da ya fara darasinsa daga nan ya riga ya kama hankalin ajinsa, domin yara za su so su san wace irin halitta ce wannan.

Amma babban dalilina wani ne daban, kuma a kansa nake so in fi daɗewa. Wel yana ba malami damar koya wa yaro abin da ya fi sunayen dabbobi muhimmanci, wato yadda ake yanke hukunci da hujja. Dabba ce mai siffar kifi, tana zaune inda kifi yake zaune, mutane suna kiran ta kifi, amma ba kifi ba ce. Idan ka rubuta wannan a allo ka ce yara su maimaita sau uku, za su maimaita, su rubuta a jarrabawa, su manta. Idan kuwa ka bar su suka gano da kansu, sun samu abin da zai bi su har girma.

Ga yadda nake ba da shawarar a yi. Malam ya shigo aji da kifi ɗanye guda ɗaya daga kasuwa, karfasa ko tarwaɗa. Ya ɗaga murfin da ke gefen kan kifin, yara su ga jan abin nan mai tsaga-tsaga da masu gyaran kifi ke cirewa. Da shi kifi yake tace iskar da ta narke a ruwa, shi ya sa ba ya bukatar fitowa sama. Sai a tambayi yara: akuya fa, da me take numfashi? Za su ce da hanci da huhu. Me take haifa, ƙwai ko ɗa? Me ɗan yake sha? Jikinta da ɗumi ko da sanyi? A rubuta amsoshin gida biyu a allo, gidan kifi da gidan akuya. Daga nan sai malam ya riƙa kawo halayen wel ɗaya bayan ɗaya, yara su faɗi gidan da kowanne ya dace da shi. Wel yana da huhu, kuma in bai fito ya shaƙi iska ba zai nutse ya mutu. Ɗa yake haifa, har da cibiya. Uwa tana shayar da nono. Jininsa na da ɗumi kamar namu. Wasu ma suna da ɗan gashi a fuska, kamar wel mai doro da kowane ƙululu na kansa ke ɗauke da silin gashi. Kafin a kai ƙarshe, wani yaro daga bayan aji zai ɗaga murya ya ce, malam, ai wannan ba kifi ba ne. Wannan lokacin shi ne darasin. Kada malam ya riga shi faɗa.

Akwai ƙarin hujja biyu da yara ke jin daɗinsu. Kifi yana kaɗa wutsiyarsa dama da hagu, wel kuwa sama da ƙasa yake kaɗa tasa, domin ƙashin bayansa irin na dabbobin tudu ne masu sukuwa. Sannan in aka duba cikin fiffikensa na gaba, za a tarar da ƙashin dantse da na sangali da na wuyan hannu da na yatsu, a jere kamar yadda suke a hannun yaron da ke sauraro. Malam ya zana wannan a allo, ya ce kowa ya taɓa nasa hannun yana bin zanen.

Mu da ke kusa da manyan koguna muna da gata a nan. Yaran Yawuri da Ibbi da Numan sun ji labarin ayu, wasu sun gan shi. Shi ma a ruwa yake rayuwa, yana fitowa ya shaƙi iska, yana shayar da ɗansa. Sun san dorina. Masana sun gano ta hanyar binciken ƙwayoyin gado cewa a cikin dabbobin da ke raye yau, dorina ce mafi kusancin dangantaka da wel, ayu kuwa danginsa na kusa giwa ce. Wannan kansa darasi ne: kamannin waje ba shi ke nuna dangi ba.

Sai batun girma. A nan ina roƙon ku, ku fitar da yara daga aji. Lamba a allo ba ta da nauyi a zuciyar ɗan shekara tara. Shuɗin wel, wanda shi ne dabba mafi nauyi da aka tabbatar ta taɓa rayuwa a duniya, yana kai tsawon mita 30. A nemi igiya, a auna mita 30 a filin makaranta, a kafa tsinke a kowane ƙarshe. Yara su miƙe hannuwa su riƙe juna daga wannan tsinke zuwa wancan, su ƙirga kansu. A aji huɗu za a bukaci yara kimanin 23. Sai a zana siffar dabbar da toka a ƙasa, ajin gaba ɗaya ya shiga ciki ya zauna. Nauyinsa yana kai tan 150, wato toron giwa 25 in aka ɗauki kowane a tan 6, kuma wannan rabawa ce da yara za su yi da kansu. Zuciyarsa kaɗai tana kai kilo 180. Jaririnsa yana fitowa da tsawon mita 7, yana shan nono kusan lita 200 a yini, cikin ganga guda ke nan, yana ƙara nauyin kilo 90 kowace rana. Nonon kuwa mai kauri ne ƙwarai, kitse ya kai kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari, shi ya sa ba ya saurin bajewa a ruwa. Kun ga darasin kimiyya ya zama darasin awo da lissafi ba tare da an ƙara minti ko ɗaya a jadawali ba.

Da yara sun ga girman, tambayar da ke biyowa ita ce, me yake ci? Amsar tana ba su mamaki, domin wannan ƙato abincinsa wasu ƙananan jatan lande ne da ake kira kiril, waɗanda tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa shuɗin wel na iya cin tan 16 na kiril a ranar da yake kiwo sosai. A nan ne za a raba wa yara dangin wel gida biyu. Jinsunan wel da dolfin da danginsu sun kai kusan 90. Kaso ɗaya ba su da haƙori. A madadinsa suna da wasu faifai masu geza da ke rataye daga muƙamuƙin sama, an yi su da irin abin da aka yi farce da ƙaho. Dabbar takan buɗe baki ta kamfaci ruwa da abin da ke cikinsa, ta rufe, ta tura ruwan waje da harshe, abincin ya maƙale a gezar, kamar yadda rariya ke riƙe tsaki ta saki gari. A kawo kwano da ruwa, a barbaɗa garin kuka ko dakakken barkono a sama, a ba yaro matajin kai mai ƙananan haƙora ya ja a kan ruwan, ya ga abin da ya kama. Ɗaya kason kuwa masu haƙori ne, suna farautar kifi da sikwid, wata dabbar teku mai laushin jiki da hannaye goma. A cikinsu akwai wel mai ƙaton kai, wanda daga hanjinsa ake samun ambar ɗin da masu haɗa turare suka daɗe suna nema, da oka mai baƙi da fari, da dolfin.

Wel masu doro suna da wata dabarar kiwo da ya kamata a sa yara su kwaikwaya a fili. Sukan haɗu su nutsa ƙarƙashin taron ƙananan kifaye, su riƙa zagayawa suna busa iska, kumfar ta taso ta zama shinge, kifayen su tsorata su cure a tsakiya, sai wel ɗin su taso tare bakinsu a buɗe. Ba kowane rukuni ya iya wannan ba. Koyo ake yi, wasu daga wasu.

Yanzu numfashi, wanda a wurina shi ne ya fi kowane ɓangare ban sha'awa. Hancin wel a tsakar kansa yake. Masu geza suna da ƙofa biyu, masu haƙori ƙofa ɗaya. Ina so ku gyara wani kuskure da zane-zanen littattafan yara suka yaɗa, inda ake nuna wel yana feso ruwa daga kansa kamar famfo. Ba ruwan teku ba ne ya sha ya feso. Numfashinsa ne mai ɗumi da danshi yake fita da ƙarfi, ya haɗu da iska mai sanyi ya zama tururi. Duk yaron da ya taɓa hura iska da asubar hunturu ya ga hayaƙi na fita daga bakinsa ya san wannan.

Mu muna numfashi ko muna barci ba tare da mun yi niyya ba. Wel kuwa sai ya yi niyyar kowane numfashi. To yaya yake barci? Ku jefa wa yara wannan tambayar ku bar su su kwana da ita. Dolfin yana kwantar da rabin ƙwaƙwalwarsa ne, rabi yana farke, ido ɗaya a buɗe, daga baya su yi musanya. Wel mai ƙaton kai kuwa an same shi yana barci a tsaye cikin ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, na 'yan mintoci kaɗan. Wannan wel ɗin yana nutsawa fiye da mita 1,000 neman sikwid, inda hasken rana ba ya kaiwa, ya yi kusan awa guda bai fito ba. Wanda ya fi kowa shi ne wani matsakaicin wel mai ɗan dogon baki da ake kira da sunan masanin Faransa, Cuvier. An auna nutsonsa har mita 2,992, an kuma auna wani da ya yi minti 222 a ƙarƙashin ruwa. Sirrin ba girman huhu ba ne. Jininsu da tsokarsu ne ke adana oksijin mai yawa, shi ya sa namansu ya yi ja har ya koma baƙi-baƙi. Sannan zuciya tana rage gudu. A 2019 masu bincike na Jami'ar Stanford suka ba da rahoton cewa sun manna na'ura a jikin wani shuɗin wel a gaɓar Kalifoniya, suka ga bugun zuciyarsa ya sauka har sau 2 a minti idan ya nutsa, ya hau zuwa 37 idan ya fito. A sa yara su dafa wuyan hannunsu su ƙirga nasu bugun na minti ɗaya, su gwada.

A nan ina da gargaɗi, kuma da gaske nake. Kada malam ya sa yara gasar riƙe numfashi, kada kuma ya faɗi abin da zai sa su je su gwada a kududdufi ko rafi. Kowace damina muna rasa yara a ruwa. A gaya musu a fili cewa jikin wel an gina shi don wannan, namu ba a gina shi ba.

Game da sanyi, gwaji ɗaya ya isa. A zuba man kaɗe a leda, a saka wata ledar a ciki yadda man zai zama tsakanin ledojin biyu, yaro ya zura hannu ɗaya a ciki, ɗaya hannun a leda marar mai, ya tsoma duka biyun a bokitin ruwan ƙanƙara. Zai faɗa muku da kansa amfanin kitsen da ke ƙarƙashin fatar wel. Akwai wani wel da ke zaune a tekun ƙanƙara na arewacin duniya wanda kaurin kitsensa ke kai rabin mita. Shi ne kuma mafi tsawon rai a dabbobi masu shayarwa, yana iya haura shekara 200. A 2007 mafarautan gargajiya na Alaska suka kama ɗaya, suka tarar da guntun makamin farauta a jikinsa wanda aka ƙera tun wajejen 1880.

Teku wuri ne mai duhu, saboda haka wel da kunne yake rayuwa fiye da ido. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwa, ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu, kuma yana nisa. Kiran shuɗin wel yana kai ɗaruruwan kilomita. Masu haƙori suna fitar da ƙara su saurari amsa-kuwwarta, da haka suke gane nisan abu da girmansa, irin yadda jemage ke yi da dare. A ɗaure wa yaro ido a tsakiyar da'ira, ya tafa, wani ya amsa masa da tafi, ya nuna inda amsar ta fito. Sai kuma waƙa. Wani injiniya mai suna Frank Watlington da ke aikin sauraron ƙarƙashin teku a Bamuda ya naɗi wasu sautuka, ya ba masanin dabbobi Roger Payne. Payne da abokin aikinsa Scott McVay suka gano cewa sautukan nan suna da tsari, baiti-baiti ne da ake maimaitawa, suka wallafa bincikensu a 1971. Mazan wel masu doro ne ke yin ta, duk mazan yanki guda waƙa ɗaya suke yi, kuma tana sauyawa sannu a hankali. A ƙarshen shekarun 1990 aka lura cewa wel na gabashin Ostareliya sun watsar da tasu waƙar sun ɗauki ta wel na yammacin ƙasar cikin shekara biyu kacal. Waɗannan sautuka suna nan a intanet kyauta. Malamin da ke da waya ya sauke ɗaya, ya ce yara su rufe ido, ya kunna, kada ya faɗa musu ko mene ne sai sun yi ta cinta.

Rayuwar iyali ita ce ke taɓa zuciyar yara, kuma ban ga laifin hakan ba. Uwar wel mai doro tana ɗaukar ciki kusan wata 11. Ɗan yakan fito ta wutsiya, uwar ta taimaka masa ya kai sama ya shaƙi iskarsa ta farko. A watannin da take ruwan ɗumi kusan ba ta cin komai, da kitsen jikinta take rayuwa tana kuma shayarwa, sannan ta ja ɗan su yi doguwar tafiya zuwa wurin kiwo. A wurin wel mai ƙaton kai, mata ne ke zama tare, kaka da uwa da inna, idan uwa ta nutsa farauta wata ta tsaya da jariri. Masanin nan Shane Gero ya bi iyalansu a gaɓar tsibirin Dominika tun 2005, kuma bincike ya nuna kowace zuriya tana da salon ƙwanƙwasa sauti nata da ake gane ta da shi. A wurin oka, tsohuwa takan daina haihuwa ta ci gaba da rayuwa shekaru masu yawa, ita ke jan ayari zuwa inda abinci yake a shekarar wahala, kuma an tabbatar jikokin da kakarsu ke raye sun fi tsira. A 2018 wata oka da masu bincike ke kira Tahlequah, a tekun da ke tsakanin Amurka da Kanada, ta ɗauki gawar jaririnta a ka tana turawa har kwana 17. A ba yara wannan labarin yadda yake, kada a ƙara masa gishiri, kada kuma a sa wa dabbar magana a baki. Ya isa haka.

Shin a gaya wa yara abin da mutane suka yi wa wel? Ni na ce a gaya musu, daga aji biyar zuwa sama. Shekaru aru-aru ana farautar wel don mansa, ana kunna fitila da shi a biranen Turai da Amurka. Da aka ƙera jiragen ruwa masu inji da mashi mai fashewa, abin ya wuce misali. Aka buɗe tashar farautar wel ta Grytviken a tsibirin Jojiya ta Kudu a 1904, man ya koma shiga sabulu da man shafa wa burodi. A ƙarni na 20 kaɗai an kashe wel kusan miliyan 3. Shuɗin wel na Antatika ya kusa ƙarewa. Gaɓar Gabon ma ba ta tsira ba, an yi ta farautar masu doro a can har cikin shekarun 1950. An kafa hukumar kula da farautar wel ta duniya a 1946, amma sai a 1982 ta zartar da dakatar da farautar kasuwanci, dokar ta fara aiki a 1986. Nowe da Aisland sun ci gaba da yi, Japan ta fice daga hukumar a 2019. Duk da haka dakatarwar ta yi amfani, kuma wannan ɓangaren ne bai kamata malam ya tsallake ba. Wel masu doro da ke haihuwa a gaɓar Barazil sun ragu zuwa kimanin 450 a shekarun 1950, a 2019 aka ƙiyasta sun kai 25,000. Yaron da aka ba labarin ɓarna kaɗai yakan karaya, wanda aka nuna masa cewa an gyara kuma ya gyaru yakan tambayi abin da shi zai yi.

Kuma akwai abin da zai yi. Barazanar yau ita ce karo da manyan jirage, da sarƙewa a ragar masunta, da ƙarar injuna da ke toshe musu ji, da leda. A watan Maris na 2019 aka tsinci gawar wani wel a Filifin da kilo 40 na leda a cikinsa, har da buhunan shinkafa. Ledar ruwan da aka jefa a kwata a Kaduna ko Birnin Kebbi ko Yola tana da hanyar da za ta bi har teku, kuma yara za su iya bin wannan hanyar da yatsa a taswira. A kuma nuna musu cewa wel ba ci kawai yake yi ba. Yana kiwo a ƙasa, ya yi kashi a sama, kashin nan mai sinadarin ƙarfe taki ne ga ƙananan tsirrai masu yawo a ruwa, waɗanda ke samar da kusan rabin oksijin da ake samarwa a duniya, su ne kuma tushen abincin kifi. Ɗan manomi ba ya bukatar dogon bayani a kan taki.

Yara za su yi tambayoyin da ke bukatar natsuwa, bari in taɓa biyu. Ta farko, wane wel ne ya haɗiye Annabi Yunusa? Alƙur'ani bai ambaci jinsi ba, kuma abin da ya faru mu'ujiza ce, ba a auna ta da ma'aunin ɗakin gwaji. Malam ya faɗi haka, ya kuma iya ƙarawa da cewa maƙogwaron masu geza ƙarami ne duk da girmansu, na mai ƙaton kai ne yake da faɗi. Kada ya ƙirƙiro amsar da ba a ba shi ba. Ta biyu, me ya sa dabba mai huhu take zaune a teku? A nan sai a kai su Masar. A hamadar Fayyum, kimanin kilomita 150 kudu maso yamma da Alƙahira, akwai wani kwari da ake kira Wadil Hitan, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Ɗaruruwan ƙwarangwal na tsoffin wel suna kwance a rairayi, masana sun ƙiyasta shekarunsu da kusan miliyan 40, lokacin da wurin yake ƙarƙashin teku. A 1989 Philip Gingerich ya tono wani a can mai tsawon fiye da mita 15, da ƙananan ƙafafun baya, har da gwiwa da yatsu. A kudu maso gabashin Najeriya ma an tono muƙamuƙin wani tsohon wel, wanda aka bayyana a Landan wajen 1920. Daga irin waɗannan ƙasusuwa ne masana suka fahimci cewa magabatan wel a tudu suka fara rayuwa. Malam ya gabatar da ƙasusuwan da abin da masana suka karanta daga gare su, ya bar yaro ya ga yadda ake bin sawu. Yaran Sakkwato kuwa a gaya musu cewa farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a ƙarƙashin wani tsohon teku ta taru, kuma ana samun bawon halittun ruwa a cikinta.

Duk abin da na lissafa, kayan aikinsa igiya ne da toka da bokiti da mataji da man kaɗe da kifi ɗaya. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne abin karantawa da Hausa, mai zane daidai, wanda yaro zai tafi da shi gida. Wannan aikin namu ne, ba wanda zai zo daga waje ya yi mana. Ina roƙon malaman kimiyya da na Hausa da na zane da ke wannan zaure su zauna tare kafin hutu, su fitar da ɗan littafi ko da mai shafi 16 ne, a gwada shi a aji huɗu na makarantu biyu ko uku, a rubuta tambayoyin da yara suka yi, a gyara shi da su, sannan a buga. Wanda ke son shiga wannan aiki ya ba da sunansa ga shugaban taro kafin a watse.